Daga Ƙofar Ruwa Zuwa Agadas A Kan Keke

Mu 'yan keken ranar Lahadi ne. Bayan sallar asuba mukan haɗu a Ƙofar Ruwa, mu kama titin Katsina, mu wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, a shataletalen Dawanau mu karkata dama mu miƙa har Dambatta, mu sha fura mu juyo kafin azahar. A cikinmu akwai malamin makaranta, da tela, da ɗan kasuwar Kantin Kwari, da ma'aikacin jinya, da wasu samari 'yan jami'a. Shekara da shekaru Dambatta ce iyakarmu.

Wanda ya sa muka ɗaga kai muka dubi arewa shi ne dattijon da ke yi mana gyara a Fagge. Baba muke ce masa. Kakansa bafatake ne, da raƙumi ya ci abinci har ya tsufa. Wata rana yana ɗaure mini wayoyin ƙafar baya ya ce, "Ku yaran nan kullum sai ku je bakin hanya ku dawo. Titin nan da kuke juyowa a kansa, in kun bi shi ba ku tsaya ba, sai ya kai ku bakin teku a Aljeriya."

Gaskiya ya faɗa. Titin wani yanki ne na babbar hanyar da ta ratsa Sahara daga birnin Aljas zuwa Legas, mai tsawon kimanin kilomita 4,500. Ta biyo ta Tamanrasat, ta shigo Nijar ta Asamaka, ta bi Arlit da Agadas da Damagaram, ta faɗo Kano. Kwalta ce kawai sabuwa a jikinta. Tun kafin a san mota ayari ke bin wannan layi, daga Kano zuwa Damagaram, zuwa Damargu da Abzin, daga can a nufi Gat da Gadamus har Tarabulus. Shaidar tana nan cikin garinmu ga mai son gani: unguwar Agadasawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan Tarabulus suka zauna, da kasuwar Kurmi da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ita kanta Fagge inda baƙin fatake ke sauke kaya a wajen ganuwa. Baƙin rawanin da Buzu ke naɗawa yana ƙyalli, a Kura aka saba rina shi a buge shi. Turkuɗi da jar fata da gashin jimina da hauren giwa suna fita, gishiri da dabino da takarda da alharini suna shigowa. Bayi ma ta nan aka kora su arewa da ƙafa, da yawa ba su kai ba, kuma bai kamata mai ba da labarin hanyar ya tsallake wannan ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma bin kudu zuwa Legas, Kano ta juya wa hamada baya.

Muka yanke shawarar zuwa Agadas, tafiyar kusan kilomita 700, a cikin hunturu, tun kafin juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 da rufe iyakar da ya biyo baya. Shirin ya ci watanni. Baba ya ce zai bi mu, amma da sharaɗi: a yi tsari irin na ayari. Aka naɗa malamin makarantar nan madugu, saboda shi ne mafi haƙuri a cikinmu, ba don ya fi kowa ƙarfin ƙafa ba. Shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a sauka, kuma in ya yi magana a kan hanya ba a musu sai an isa zango. Aka sa jagaba a gaba, aka sa mutum guda a can baya wanda ba ya wuce kowa ko da wa aka bari. Baba ya zauna a bayan a-kori-kurar da muka yi haya, tsakanin jarkokin ruwa da buhun garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dabino, da akwatin kayan aikinsa a kan cinya. Kowa ya tanadi fasfo da katin rigakafin shawara da hular kwano da rawani. Daren da za mu tashi na je na durƙusa gaban mahaifiyata. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Allah ya tsare gabanku da bayanku. Kada ka yarda ka rabu da 'yan'uwanka."

Abu na farko da hanya ta koya mana shi ne iska. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuwa arewa muka nufa, don haka tun daga Dawanau a fuska take dukanmu. Da sassafe tana kwance. Da hantsi ya ɗaga sai ta miƙe, ka ga kana taka feda da dukkan ƙarfinka amma keken kamar an riƙe shi ta baya. Maganinta jeri ne. Mukan shiga layi ɗaya, tayar gaban kowa dab da tayar bayan na gabansa, na gaba ya sha iskar na 'yan mintoci, ya zame gefe ya koma ƙarshe, na biye ya karɓa. Wanda ke tsakiyar layi yana hutawa alhali yana tafiya. Wanda ya fita daga layi da taku goma, kafin ya dawo sai ya yi gumin da ya fi na kowa.

Kazaure da duwatsunta, Daura da rijiyar Kusugu, duk mun san su, ba mu daɗe ba. Daga Dawanau zuwa Kwangwalam kimanin kilomita 130 ne. A nan aka buga mana hatimi, muka tsallaka Ɗan Barto, muka canja naira zuwa sefa. Kaki ya sauya, tuta ta sauya, allunan hanya suka koma Faransanci. Amma mai shayin da muka zauna a bencinsa ya gaishe mu da "sannunku da hanya", ya tambayi mutanen gida, kuma da ya ji daga Kano muke sai ya fara lissafa mana 'yan'uwansa da ke Kurna da Dawanau.

Tsakanin Matamaye da Kance na ga abin da har yau nake ba mutane labari. Gonaki ne na gero an girbe, ƙasa fara fat, amma cike da itatuwan gawo, kore shar a tsakiyar rani, har iyakar ganinka. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, ganyen da ya zubar ya zama taki. Wani manomi da muka huta a gonarsa ya nuna mini wani ɗan tsiro da bai wuce gwiwata ba. Ya sassabe rassan gefe ya bar guda biyu masu ƙarfi, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ya ce ba dasa shi ya yi ba, daga tsohon kututture ya tofo, shi dai bai sare ba ne. Da wannan dabarar manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwan sama, amma ta fi wurare da yawa na ƙasar Kano inuwa. Na tuna motocin gawayi da na itace da ke shigowa Kano kullum, raina ya ɓaci.

Kance kuma tana da nata ciwon. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma mafi yawansu daga wannan yanki suka fito. Hanyar da muke bi don sha'awa ita suka bi don neman abinci. Madugu ya tsayar da mu a bakin garin muka yi musu addu'a. Daga ranar ban sake ganin wani a cikinmu ya zubar da ragowar ruwan gora a ƙasa ba.

A Takeita muka hau babban titin da ya taso daga Yamai, muka karkata gabas, muka wuce Tirmini inda mayaƙan Damagaram suka gwabza da sojan Faransa a 1899, muka shiga Damagaram da la'asar sakaliya. Daga Kano kimanin kilomita 240 ke nan. Garin ya zauna a tsakanin manyan duwatsu masu sulɓi, kuma kashi biyu ne tun asali: Birni inda fadar Sarki take, da Zango inda fatake ke sauka. Bakano ba ya ɓata a Birni. Lunguna ne irin na cikin Badala, zaure da dakali, gidajen ƙasa masu zanko da zanen dagi a goshi. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, shi ya ƙarfafa ganuwar garin ya tara bindigogi har da igwa, ya mai da Damagaram daular da Kano kanta ke shakka. A zamanin Sarkin Kano Alu an gwabza tsakanin garuruwan biyu, shi ya sa har yau Badamagare in ya ga Bakano sai ya tsokane shi. Mai masaukinmu bai bar mu mun huta da wannan ba, kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Kanawa, an tashi lafiya, ko tsoro ya hana barci?" Sannan ya aiko da kunu da ƙosai da ba ya karɓar kuɗinsu. Damagaram ce hedikwatar Nijar a zamanin Faransa kafin a mai da ita Yamai a 1926.

Mun kwana biyu a nan saboda Baba ya ce kowane keke sai an kwance shi. Ya wanke sarƙoƙi da kananzir, ya goge su tas, ya ɗiga mai kaɗan ya sake gogewa. Ya ce daga nan gaba mai da yawa a sarƙa abokin gaba ne, domin rairayi yake kamawa ya zama kamar tokar wanke tukunya, ya cinye sarƙa da haƙoran giya cikin kwana kaɗan.

Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne, kuma nan ne ainihin tafiyar. Bayan mun yi kamar kilomita 50 muka wuce matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, tankoki jere a bakin titi. Daga nan ƙasa ta fara buɗewa. Kuka ta ɓace, gawo ya ragu, aka bar mu da aduwa da magarya da tumfafiya da ƙananan itatuwan ƙaya. Kano takan samu ruwan sama sama da milimita 800 a shekara, Agadas ba ta kai 200 ba, kuma a kan keke kana ganin wannan ragin yana faruwa a hankali, gona bayan gona, rumbu bayan rumbu, har ka kai inda ba a noma sam.

Tsarin yininmu ya zauna daram. Asuba mu yi salla mu sha shayi, hannu na karkarwa don sanyi, mu hau da fitila. Mu yi ta tafiya har rana ta take, mu nemi inuwa, ko mu ɗaura tamfol a jikin mota. Mu haɗa azahar da la'asar mu yi ƙasaru, inda ruwa ya yi ƙaranci mu yi taimama. In rana ta karya mu ƙara kaɗan, kafin magariba mun sauka. Jandarmomi a Tanut sun ja mana kunne kada mu yi tafiyar dare, kada kuma mu kwana a fili nesa da gari ko shingen jami'ai, kuma ba mu saɓa ba ko sau ɗaya. Ma'aikacin jinyar nan shi ne mai kula da ruwa. Sanyin hunturu yana yaudarar mutum, gumi na bushewa tun bai fito ba, sai ka ga ba ka jin ƙishirwa alhali jikinka ya ƙafe. Don haka yakan bi mu ɗaya-ɗaya yana duba gora, ya sa mu shan ruwan gishiri da sukari ko muna so ko ba ma so. Leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, hanci na fitar da jini, man kaɗanya ya zama abin da ake rabo da cokali.

Sai ƙaya. In ka sauka daga kwalta taku biyu, ƙarangiya ta cika maka safa, ƙayar aduwa ta shige taya. Baba yana da hanyarsa ta neman huji ba tare da ɓarnar ruwa ba: ya hura tif ɗin, ya bi da shi a hankali kusa da leɓensa har ya ji inda iska ke fita, ya kankare, ya shafa gam, ya jira ya sha iska, ya manna faci ya danne da babban yatsa yana karanta wani abu a ransa. Kafin ya mayar sai ya zagaya cikin tayar da yatsa, don ƙayar da ta yi ɓarnar takan maƙale tana jiran sabon tif. Titin kuwa wani wuri sabo ne sumul, wani wuri kwaltar ta farfashe ta koma tsakuwa da rairayi, dole ka sauka ka tura. Manyan motoci kan wuce mu an yi musu lodi har ya fi faɗinsu, mutane zaune a can ƙololuwa sun naɗe fuska, jarkoki ɗaure cikin buhu suna reto a gefe. Kusan kowace sai ta yi mana ham, na sama su ɗaga hannu.

Bayan Tanut, cikin ƙasar Damargu, muka sauka a wata rijiya. A nan na fi daɗewa ina kallo a duk tafiyar. Rijiyar tana da zurfin da ba ka ganin ruwanta. An kafa itace mai baki biyu a bakinta, an sa ƙaramar gargare, an ɗaura igiya a jikin raƙumi. Yarinya 'yar kamar shekara tara ke jan akalarsa, ta yi ta tafiya da shi nesa, nesa, har sai wasakin ya fito, babanta ya kama ya juye a kwami, ya yi kira, ta juyo da raƙumin. Tsawon tafiyarta shi ne zurfin rijiyar. Igiyoyi sun sassaƙa ramuka a jikin itacen bakin rijiyar, wasu har yatsa na shigewa. Shanun Bororo masu dogayen ƙaho suna tsaye a gefe guda, raƙuman Buzaye a ɗaya gefen, tumaki da jakuna a baya, kowane garke na jiran layinsa, ba mai tsallake wani. Da suka gan mu sai mai jan ruwan ya dakatar da dabbobinsa ya ce a fara cika wa baƙi. Madugu ya miƙa masa kuɗi, ya girgiza kai. Muka ba shi sukari da ganyen shayi da goro, ya karɓa da hannu biyu. Wani dattijon Buzu ya shimfiɗa mana tabarma ya dafa shayi a 'yar buta kan garwashi, zagaye uku, ya kakkarya mana cuku. Da Hausa muka yi hira. Ya ce yana saurayi ya sha zuwa Bilma ɗaukar gishiri, ya kawo kantu har ƙasar Kano ya koma da gero da tufafi, ya ambaci Kurmi da Bichi da Ɓaɓura kamar jiya ya baro su. Ya tambaye mu nawa muke yi a yini, muka faɗa masa. Ya ce ayari mai kaya yakan yi kamar rabin haka, amma a zangon da muke sauka nan su ma suke sauka, domin rijiya ce ke yanka tafiya, ba ƙarfin mai tafiya ba.

Tsakanin Adarbisanat da Agadas aka jarraba tsarinmu. Iska ta taso da ƙura tun da safe, hazo ya rufe, ba ka ganin abin da ya wuce taku ɗari. Autanmu, ɗalibi ne mai ƙarfi wanda kullum shi ke son jan gaba, jijiyar cinyarsa ta ɗaure, ya faɗi gefen titi yana riƙe da ƙafa. Aka ce ya hau mota ya ƙi, har da hawaye, ya ce bai baro Kano don ya shiga Agadas a bayan a-kori-kura ba. Wasu suka ce a bar shi da na baya su taho a hankali, sauran su wuce su kama masauki. Madugu ya ce, "Ba a raba ayari." Ya dubi yaron ya ce, "Ƙanena, hau mota ka huta zuwa la'asar. Wallahi ba za mu shiga garin ba sai kana kan kekenka." Haka aka yi. Muka rage gudu, muka matse layi, muka wuce gangaren Tigidit da jajayen duwatsunsa, kuma a zangon ƙarshe shi aka sa a tsakiya inda iska ba ta kai wa. Na sha ganin tafiyar ƙungiya ta watse a kan abin da bai kai wannan ba, mai ƙarfi ya yi gaba, mai rauni ya yi fushi. A ganina hukuncin da Madugu ya yanke a wannan wuri shi ya kai mu.

Hasumiyar masallacin Agadas ake fara hangowa, doguwa, ta jar ƙasa, itatuwa sun tsattsaga jikinta. Tsayinta kimanin mita 27 ne, an gina masallacin a wajajen 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Muka jingina kekuna a jikin bango muka yi sujadar godiya. Washegari aka bar mu muka hau. Matakalar tana ƙara matsewa kana hawa, jemagu na shafar kanka, a ƙarshe sai ka rarrafa. Daga sama ga fadar Sarkin Abzin dab da masallaci, ga rufin soraye, ga duwatsun Abzin can arewa, ga titin Arlit ya miƙe. A kasuwa da Hausa ake ciniki, kuma rabin kayan da ke rumfuna, daga atamfa zuwa bokitin roba, 'yan kasuwar suka ce daga Kano aka ɗauko su. Ɗan Kantin Kwarin namu har ya gane dilar da ta fito daga layinsu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a garin a 1850 kafin ya iso Kano a 1851, kuma har yanzu ana nuna gidan da ya zauna.

Arlit tana gaba da kimanin kilomita 240, samarin suka so a ƙarasa. Mutanen gari suka ce kada mu yi, sai da rakiya, Madugu ya ce nan ne iyaka. Baba ya kwance ƙafafun kekunan ya ɗaure su bibbiyu da tsumma a tsakani, aka loda a mota. Na sayi kantun gishiri guda na naɗe shi da bargona saboda kada ya fashe, da dabino da cuku na tsaraba, muka kamo hanyar gida.

Da aka rufe iyaka a 2023, mai masaukinmu na Damagaram ya kira ni. Ya ce kayan masarufi sun yi tsada, motocin Kano sun daina zuwa, 'yarsa da ke aure a Kurna ta haihu bai samu zuwa suna ba. Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024. Da hanya ta samu ya zo, na kai shi Kurna a bayan babur ya ga jikansa, daga nan muka wuce Fagge ya gaisa da Baba, suka zauna a kan benci suna gardamar ko garin wa ya fi iya kilishi har aka kira magariba.